Tarihin Akori-Kura a Amurka da Yadda Ake Maido da Tsofaffinta Zuwa Asalinsu

Motar da Hausawa ke kira akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya, ta samo asali ne daga gonakin Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma manoma da maƙera ne suka fara haɗa ta da hannunsu tun kafin wani kamfani ya sa ta cikin hajarsa. A shekarar 1908 kamfanin Ford da ke birnin Detroit ya fito da Model T, mota mai arha da tsayin ƙafa wadda ke iya ratsa hanyoyin karkara masu laka, don haka manoma suka rungume ta. Da yake buƙatar manomi ta wuce kai iyali gari, yawancinsu sukan cire bayan motar su ɗora akwatin katako, su riƙa ɗaukar hatsi da tulunan madara da 'yan maruƙa. A wancan zamani akwai gonaki fiye da miliyan 6 a ƙasar, kuma kamfanoni ba su daɗe ba suka lura da wannan kasuwa. Ford ya fitar da Model TT mai ɗaukar tan ɗaya a 1917, Chevrolet ya biyo baya a 1918, sai dai abin da suke sayarwa a lokacin shi ne inji da shasi kawai, wato ƙashin ƙarfen da komai ke hawa a kansa, mai saye kuma shi zai nemi kafinta ko wani ƙaramin kamfani ya gina masa bodi.

A watan Afrilu na 1925 ne Ford ya fara sayar da akori-kura cikakkiya daga masana'anta, mai bodin ƙarfe da ƙofar baya da ake saukewa, a kan dala 281, kuma an ƙera kusan guda 33,800 a shekarar farko. Masu tarihin motoci suna ɗaukar wannan shekara a matsayin mafarin akori-kura ta kamfani. Ana ba da labari cewa Henry Ford yakan gindaya wa masu kawo masa kaya girman akwatunan katakon da za su zuba kayan a ciki, domin a farke su a yi daɓen motoci da su. Labari ne da ya yaɗu saboda ya dace da sunan da mutumin ya yi na tsimi da tanadi, amma abin da yake a rubuce shi ne kamfanin ya mallaki dazuzzuka da injinan yanka katako a arewacin jihar Michigan, daga can yake samun katakonsa. Model A ta gaji Model T a ƙarshen 1927, ta kuma zo da gidan direba rufaffe mai gilasai. Chevrolet ya fito da injinsa mai silinda shida a 1929, sannan a 1930 ya sayi kamfanin gina bodi na Martin-Parry, abin da ya ba shi damar sayar da akori-kura cikakkiya tasa ta kansa, Ford kuwa ya mayar da martani a 1932 da inji mai silinda takwas da aka jera su kamar harafin V. Daga nan aka kafa gasar da har yau ba ta ƙare ba tsakanin kamfanonin biyu, da Dodge a matsayin na uku bayan Chrysler ya saye shi a 1928.

Wani reshe na wannan tarihi ya tsiro a Ostireliya a 1934, inda reshen Ford na garin Geelong ya fito da mota mai gaba irin na motar shiga da baya irin na ɗaukar kaya, wadda wani matashin mai zane, Lew Bandt, ya tsara. Abin da ake faɗa shi ne matar wani manomi ce a jihar Victoria ta rubuto wa kamfanin wasiƙa tana neman motar da za su je coci da ita ranar Lahadi su kuma kai aladu kasuwa ranar Litinin. Fitowar motar da sunan wanda ya zana ta tabbatattu ne, zancen wasiƙar kuwa ya zo ne ta bakin kamfanin da masu ba da labarinsa.

Shekarun 1930 sun zo wa manomin Amurka da karayar tattalin arziki da ta fara a 1929, da fari da guguwar ƙura da suka kori dubban iyalai daga Oklahoma da maƙwabtanta zuwa Kalifoniya, da yawansu a kan tsofaffin motocin da aka yanke wa baya. Wanda ke da akori-kura a wannan hali ba ya tunanin ajiye ta. Yana aiki da ita ne har ta mutu, sannan a cire injinta ya riƙa juya zarto ko famfon ruwa. A watan Fabrairu na 1942, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka dakatar da ƙera motocin farar hula, masana'antu suka koma yin kayan soja, aka kuma shiga gangamin tattara tsofaffin ƙarafa don narkawa. Waɗannan dalilai ne suka sa akori-kurar da aka ƙera kafin yaƙin ta yi ƙaranci a yau, kuma wadda ta tsira da ƙyar ake samunta da bodinta na asali. Yaƙin ya bar gado ɗaya mai muhimmanci: daga motocin sojan da Dodge ya ƙera aka samo Power Wagon, wadda aka fara sayar wa farar hula a matsayin ƙirar 1946, mai jan taya huɗu, aka kuma ci gaba da sayar da ita a Amurka ba tare da wani babban canji ba har 1968.

Zamanin da masu gyaran tsofaffin motoci suka fi ƙauna ya fara ne a watan Yuni na 1947, lokacin da Chevrolet ya fito da ƙirar da ya kira Advance Design, Ford kuma ya biyo shi a Janairun 1948 da jerin motocin F, waɗanda ƙaramarsu ita ce F-1. Sojoji sun dawo gida, ana gina gidaje ko'ina, farashin amfanin gona ya yi kyau, kuma motocin da suka ratsa shekarun yaƙi duk sun gaji, saboda haka kasuwa ta buɗe sosai. A karon farko kamfanoni suka kula da jin daɗin direba, har Ford yana tallata cewa ya kashe dala miliyan ɗaya wajen tsara gidan direban sabuwar motarsa. Duk da haka, motocin sun kasance kayan aiki tsagwaronsu. Chevrolet 3100 mai ɗaukar rabin tan tana da inji mai silinda shida da giya uku da batir mai ƙarfin bolt 6. Ana tayar da ita ne ta hanyar taka wani maɓalli da ke ƙasa kusa da totur. Waifa tana aiki da iskar da inji ke zuƙa, shi ya sa takan yi sanyi idan motar ta kama hawan tudu a cikin ruwan sama. Daga 1949 kuma tankin mai yana cikin gidan direba, a bayan kujera. Na'urar ɗumama ciki da rediyo sai mai saye ya biya kuɗi na daban, launin da aka fi fitar da ita da shi kuma kore ne mai duhu.

A nan ne ake ganin dalilin da ya sa maido da irin waɗannan motoci zuwa asalinsu yake buƙatar sanin tarihi fiye da ƙarfin aljihu, domin ƙirar Chevrolet da ido ke gani iri ɗaya ce daga 1947 zuwa farkon 1955, amma kusan kowace shekara tana da alamarta. A 1951 aka ƙara ɗan ƙaramin gilashi mai juyawa a gaban tagar ƙofa. A 1952 mariƙin ƙofa ya koma mai maɓallin dannawa maimakon wanda ake murɗawa ƙasa. A 1954 gilashin gaba da ke rabe biyu ya zama guda ɗaya, inji kuma ya ƙara girma. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950 ya jawo ƙarancin kurom, wato farin ƙarfe mai sheƙi da ake lulluɓe bamba da hancin mota da shi, ta yadda motocin 1952 da 1953 suka fito da fenti a wuraren da a da ake sa kurom. Wanda ya ɗauki motar 1952 ya ƙawata hancinta da kurom ya sa ta yi kyau a idon ɗan kallo, amma ya goge shaidar yaƙin da ke jikinta, kuma wanda ya san ƙirar zai gane haka tun daga nesa.

Kamfanin Ford ya cika shekara 50 a 1953, ya kuma sabunta motarsa da sunan F-100, wadda ƙirarta ta 1956 mai gilashin gaba da ya lanƙwaso zuwa gefe tana cikin waɗanda aka fi nema a yau. A 1955 Chevrolet ya fito da sabuwar ƙira mai batir bolt 12 da zaɓin inji silinda takwas, tare da wata ta musamman, Cameo Carrier, wadda aka lulluɓe gefen bodinta da roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi domin ya miƙe sumul da gidan direba. Cameo ta yi tsada kuma ba ta sayu da yawa ba, kimanin 5,200 a shekarar farko da kimanin 1,400 a 1958 da aka daina ta, amma ta nuna hanyar da kowa ya bi: Ford ya fitar da bodin ƙarfe mai sumul a 1957, Chevrolet a 1958. Dokar gina manyan titunan tarayya ta 1956 da ƙaurar mutane zuwa unguwannin bayan gari suka mayar da akori-kura motar da ake zuwa aiki da yawon hutu da ita. Gonaki da suka kai kimanin miliyan 6.8 a 1935 sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 3 a farkon shekarun 1970, amma cinikin motar manomi sai ƙaruwa yake yi.

Siyasa ma ta sa hannu. Bayan ƙasashen Turai, musamman Jamus ta Yamma da Faransa, sun ɗora haraji a kan kajin Amurka, Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, wanda ya fara aiki a Janairun 1964. Harajin, da ake yi wa laƙabi da harajin kaza, ya kori akori-kurar Volkswagen daga kasuwar Amurka, ya kuma kare kamfanonin gida daga gasa. Har yau yana nan. Ƙananan kamfanoni dai ba su tsira ba: Studebaker ya rufe masana'antarsa ta South Bend a ƙarshen 1963, International Harvester ya daina akori-kura a 1975. A wannan shekara ta 1975 Ford ya fito da F-150, wadda aka ɗaga nauyinta kaɗan sama da iyakar da sabbin dokokin hayaƙi suka shafa, kuma tun 1977 jerin F ne akori-kurar da aka fi saya a Amurka.

Sha'awar adana tsofaffin motoci ta girmi sha'awar adana akori-kura da shekaru masu yawa. An kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, a birnin Philadelphia a 1935, kuma tun tsakiyar shekarun 1950 take gudanar da babban taronta na kaka a garin Hershey da ke jihar Pennsylvania, inda dubban 'yan kasuwa ke baje tsofaffin kayan safaya. A 1954 Ernest Hemmings ya fara buga 'yar mujallar tallan tsofaffin kayan mota a jihar Illinois, wadda ta zama mahaɗar masu nema da masu sayarwa kafin zuwan intanet. Sai dai hankalin mutanen farko yana kan motocin attajirai ne irin su Packard da Duesenberg, da kuma Model T saboda tarihinta. Akori-kura kuwa ana ganin ta motar leburanci da ba ta cancanci a kashe mata kuɗi ba. Kafa ƙungiyar tarihin motocin ɗaukar kaya ta Amurka, ATHS, a 1971 ya nuna cewa ra'ayi ya fara juyawa, kuma a shekarun 1980 da 1990, lokacin da yaran da suka tashi a bayan motocin iyayensu na 1950 suka zama manya masu abin hannu, sai aka shiga bin rumbuna da tsofaffin gonaki ana jawo su. An fi neman na jihohi masu bushewa kamar Arizona da New Mexico, saboda a jihohin arewa gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ya riga ya cinye ƙarfen.

Gyaran da ake kira na asali yana farawa ne da wargaza motar gaba ɗaya: a ɗauke gidan direba da bodi daga kan shasi, a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, a zuba notina da kusoshi a jakunkuna masu suna. Daga nan a kankare fenti da tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana, a yanke wuraren da suka ruɓe, waɗanda galibi su ne kusurwoyin bayan gidan direba da daɓe da ƙasan ƙofofi inda laka da ruwa ke kwanciya, a yi waldar sabon ƙarfe mai kauri daidai da na da. A zamanin da aka ƙera motocin da narkakkiyar dalma ake cike gaɓoɓin bodi, kuma har yanzu akwai masu gyaran da ke bin wannan hanya maimakon shafa kwaɓin roba. Mafi wahalar aikin shi ne tabbatar da cewa kowane abu na shekararsa ne. A jikin inji akwai lambobin da aka zuba tare da ƙarfen, masu nuna nau'insa da ranar da aka zuba shi, kuma ranar dole ta riga ranar haɗa motar da ɗan lokaci. A jikin ƙofa ko ginshiƙinta akwai ɗan farantin da ke ɗauke da lambar motar da nauyin da aka yarda ta ɗauka. Mai gyara yakan gwada waɗannan da littattafan haɗa mota na kamfani da takardun talla na shekarar, yakan kuma fifita safayar da aka ƙera tun wancan zamani ba a taɓa ɗaura ta ba a kan wadda ake kwaikwaya yau, ko da ta ninka ta tsada.

Daɓen bodi shi ne wurin da aka fi yin kuskure da gangan. Chevrolet na farkon shekarun 1950 ya shimfiɗa katakon fayin ne mai tauri, ya shafe shi da baƙin fenti, ya danne shi da siraran ƙarafa masu fenti, domin wuri ne da za a zuba taki da tsakuwa. Amma a wuraren baje kolin motoci abin da aka fi gani shi ne katakon ok da aka goge aka shafa masa mai yana sheƙi kamar teburin falo, da ƙarafa masu walƙiya a tsakani. Haka abin yake ga fenti, inda ake fesa na zamani mai ruɓi biyu da zurfin ƙyalli a maimakon fenti mai ruɓi ɗaya na da, har a bi ƙarƙashin mota da cikin madigadi, wuraren da ma'aikacin masana'anta bai taɓa ɓata lokaci a kansu ba. Garin neman gira a nan ake rasa ido, domin motar da aka yi wa haka ta fi kowace irinta da ta taɓa fitowa daga masana'anta kyau, kuma da wannan kyan ta daina zama shaidar yadda ake ƙera motar talaka a 1950. Alƙalan AACA suna auna mota ne da yadda dila zai iya miƙa ta ga mai saye tana sabuwa. Ana farawa da maki 400, ana ragewa ga duk abin da ba na asali ba, ba a kuma ƙara maki don aikin da ya wuce na masana'anta tsafta. Ƙungiyar tana karɓar motar da ta kai shekara 25, tana kuma da rukuni na musamman ga waɗanda ba a taɓa gyarawa ba.

Akwai inda zamani ya tilasta a kauce wa asali. Injinan da an ƙera su ne don fetur mai gubar dalma, wanda aka haramta sayar da shi ga motocin titi a Amurka daga farkon 1996, don haka masu yawan tuƙa motocinsu sukan sa mazaunin bawul mai tauri a cikin inji. Man yau mai haɗin itanol yana cin tsofaffin robobin kabureta da bututun mai. Ba a kuma sa ma'adinin asbestos a takalmin birki kamar da saboda illarsa ga huhu. Irin wannan canji da ba a gani daga waje yawancin masu gyara sun yarda da shi. Inda aka rabu shi ne kan abin da ya wuce haka. Wasu suna barin bodin tsohuwa su zuba mata injin zamani da birkin faifai da na'urar sanyaya ciki, kuma irin waɗannan sukan yi tsada a manyan kasuwannin gwanjo, abin da ke sa motocin asali ƙara raguwa, tunda kowace aka yi wa haka da wuya ta dawo. Wasu kuma, musamman daga shekarun 2000, sun koma ga barin mota da kodaɗɗen fentinta da sunan tsohon shagon da aka rubuta a ƙofarta, su gyara inji da birki kawai. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta amince da Yarjejeniyar Turin a 2012, inda ta bambanta adanawa da maidowa, ta kuma nemi a rubuta duk canjin da aka yi, a yi shi ta yadda za a iya warware shi idan hali ya yi.

Darajar motar da ba a taɓa ba ta fito fili a watan Satumba na 2013 a ƙaramin garin Pierce na jihar Nebraska, inda aka yi gwanjon motoci kusan 500 da wani tsohon dilan Chevrolet, Ray Lambrecht, ya tara shekara da shekaru, wasunsu sababbi ne da bai taɓa sayarwa ba. A cikinsu akwai Cameo ta 1958 da agogonta ke nuna mil 1.3 kacal, tana lulluɓe da ƙura, rufinta ya lotsa, amma aka saye ta dala 140,000. Ga masu gyaran asali irin wannan mota ta fi littafi amfani, domin a jikinta ake ganin inda fenti ya tsaya, da irin notin da aka ɗaura, da yadda aka bi da wayoyi.

Ƙasar Hausa tana da nata rabon a wannan tarihi, ko da yake ta hannun Faransa ya zo. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975 da ƙirar 404, 504 ta biyo baya, kuma akori-kurar waɗannan ƙirori biyu ita ce ta ɗauki hatsi da awaki da fasinjojin kasuwannin ƙauye na tsawon shekaru a Najeriya da Nijar. Hannun da zai iya maido da su yana nan, domin kanikawa da masu bugun bodi da suka girma a kansu sun san kowane noti nasu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne motar da ba a sauya mata inji ko a ƙara mata ƙarfen bodi ba, kuma wadda ta tsaya aiki ba ta daɗewa kafin 'yan gwangwan su yanka ta a kan kilo. A ma'aunin FIVA, motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka adana ta yadda take a asali, kuma ba a zirga-zirgar yau da kullum da ita. Akori-kurar Peugeot da aka ƙera a shekarun 1970 da 1980 ta cika sharaɗin farko tuntuni, amma mafi yawan waɗanda suka rage har yanzu suna tasha suna jiran lodi.